Kwana Ashirin da Takwas Ba Filasko

Duk wanda ya tashi a unguwarmu a Argungu, in dai yana da ciki, to Innata ta taɓa wanke masa shi. Laure mai filasko ake ce mata. Kowace Juma'a da sassafe takan ɗora wata baƙar tukunya da ta girme ni, ta zuba ganyen filasko da tsamiya da 'yar jar kanwa, kafin hantsi tsakar gida ta cika da mata, kowace da kofinta. Mu 'ya'yanta namu kofunan a jikin ƙusa suke rataye kusa da madafa, nawa kore ne mai ɓantararren baki. Wanda ya sha, kafin la'asar ya haddace hanyar bayan gida. A wurin Inna babu ciwon da ba daga dattin ciki ya fito ba. Ciwon kai datti ne, ƙuraje datti ne, ko mace ce ta cika faɗa da maƙwabta sai Inna ta ce a kawo ta a wanke ta.

Ni ce Mubina, 'yarta ta uku, aure ya kai ni layi biyu kacal daga gidanta. Sana'ata gumi: in jiƙa shanshera, wato shinkafa mai ɓawo, in turara, in shanya, a kai inji. Da can ba a shan gabana wajen aiki, kuma ba a shan gabana wajen baki.

Shekara biyu da suka wuce, bayan an gama yankan shinkafa, wani abu ya sauko mini. Ba wanda ya mutu, ba wanda ya zage ni, mijina Nu'uman bai yi mini komai ba. Sai dai in farka da safe in ji kamar an ɗora mini buhu a ƙirji. In aka yi sallama a ƙofa gabana ya yanke ya faɗi. Na jiƙa shanshera rabin duro na bar ta har ta yi tsiro, ina zaune ina kallonta, na san abin da ya kamata in yi amma hannuna ya ƙi. Kowa ya zo sai ya tambaye ni me aka yi mini, kuma wannan tambayar ta fi komai ƙona mini rai, don ba ni da amsa.

Inna ta zo, ta ce in fito da harshena, ta ja fatar idona ta leƙa.

"Datti na," in ji ta. "Ya taru har ya hau miki kai. Juma'a ki zaka da sahe."

Na je, na sha. Na koma wata Juma'ar, na sha. Ranar Asabar in gudawa ta ƙi tsayawa, Nu'uman ya taso daga fadamar albasa ya biya kemis ya sayo mini kafso mai ja da rawaya, in haɗiye har kwana uku. Kafin cikina ya dawo daidai wata Juma'ar ta zagayo. Haka muka yi wata bakwai. Tsakanin uwa mai son 'yarta da miji mai son matarsa, sun kusa ƙarar da ni. Zanena da nake ɗaurawa sau ɗaya ya koma zagaye ni sau biyu, nauyin ƙirjin kuwa ko gezau.

Ranar da jiri ya kayar da ni a bakin randa, Nu'uman bai shawarci kowa ba ya sa ni a mota sai wani asibiti a Birnin Kebbi. Aka tura mu wurin wata likita, Asiya, gajeruwa mai gilashi, da ƙyar in ta girme ni. Na zaci ciki za ta fara latsawa. Sai ta tambaye ni yaushe rabona da dariya, ko abinci yana yi mini daɗi, ko na taɓa jin gara a ce ban farka ba. Ban san lokacin da na fara kuka ba, Nu'uman ya sunkuyar da kai yana wasa da hularsa.

Ta ce sunan abin ciwon damuwa, kuma ciwo ne kamar kowane ciwo, yana da magani. Ta rubuta mini ƙwaya ɗaya kullum, ta ce sai an yi haƙuri da ita makonni kafin a ga aikinta. Da ta ji labarin Juma'a da Asabar kuwa, sai ta ajiye biron.

"Malama Mubina, cikin mutum ba tukunya ba na da za a kankare," in ji ta. "Akwai wasu ƙananan halittu cikin hanjinki, ido ba ya ganin su, yawansu ya wuce lissahi. Bakteriya muka ce musu. Da yawansu masu amhwani na, su ka taya ki narka abinci. Hilasko shi kore su, kafso shi kashe waɗanda sunka rage."

Na ce to ina ruwansu da ƙirjina.

Ta ce wannan shi ne abin da ake ta bincike a kai. Hanji da ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo, kuma masu bincike a wurare da yawa sun lura cewa halittun da ke cikin masu ciwon damuwa sukan bambanta da na masu lafiya. Ko su ne ke jawo ciwon, ko ciwon ne ke sauya su, ba a gama tantancewa ba. Ta ce ita ma da abokan aikinta suna karɓar bayan gidan masu irin ciwona don su duba, in na yarda, kuma za su rufe karɓa kafin azumi.

"Ba ni yi miki alkawarin zai warkar da ke," ta ce. "Maganinki shi na wanga da nir rubuta. Amma in kina so, sharaɗi guda na: kwana ashirin da takwas ba hilasko, ba kafso. Muna son mu ga cikinki yadda shike."

Ta miƙo mini wata 'yar kwalbar roba mai ɗan cokali manne a murfinta. Na dubi cokalin, na gane aikinsa, sai dariya ta kubce mini, ta farko cikin wata bakwai. Na karɓa. Gaskiyar magana, ba binciken ne ya dame ni ba. Abin da ya kama zuciyata shi ne karo na farko ke nan da wani ya ce yana son ganin abin da ke cikina ba tare da an fara wanke ni ba.

Inna ta ji labari tun kafin in cire mayafi, don Nu'uman ba ya iya riƙe magana. Na yi tsammanin faɗa, amma ba ta yi ba. Juma'a uku suka wuce ba ta aiko a kira ni ba, tuwonta dai yana zuwa kullum kamar yadda ta saba tun da na kwanta. Har na fara jin kunyar zargin da na yi mata.

Ranar da ta rage kwana ɗaya in tafi Birni, da hantsi, ta aiko mini da fura da nono a ƙwarya, ta sha yaji, ta yi sanyi. Na shanye tas har da lashe ludayi. Kafin la'asar na shiga bayan gida sau biyar.

Washegari na ja ƙafa zuwa gidanta, na same ta tana tankaɗe. Ko musu ba ta yi ba.

"Garin hilasko na, cokali biyu," ta ce. "Ke ko ɗaki, in baƙo za shi zaka, ba a share shi? Baƙi za su leƙa cikin ɗiyata, wata guda ba wanki, su ce ɗiyar wa ta? Su ce ɗiyar Laure. Ina raye ba a yi min haka."

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne da gaske take. A ganinta rufa mini asiri ta yi, kamar yadda take gyara mini ɗaurin kallabi in za ni biki. Na juya na kama hanyar gida. A hanya hawaye suna zuba, amma ba irin na kullum ba ne masu zuwa ba dalili. Waɗannan na fushi ne, kuma na yi marmarin fushin.

Na kira Likita Asiya a waya na gaya mata. Ta yi ajiyar zuciya, ta ce kada in kawo, ba zai yi amfani ba. Ta duba kalanda, ta ce saura mako biyar azumi. In na fara ƙirga daga yau zan samu, in aka sake ɓatawa kuwa shi ke nan.

Daga ranar na hana kafso shigowa gidana, na ce wa Nu'uman in ya sake biyawa kemis shi zai haɗiye. Da yamma tuwon Inna ya iso, na ɗaga murfin na duba, na rufe, na mayar mata da shi yadda ya zo. Wanda bai tashi a gidan Hausa ba ba zai san girman wannan ba. Na ɗaure kwanon na aika. Dole ta sa na koma madafa da kaina, ni da na yi watanni ban hura wuta ba. Ran farko ruwan zafi kawai na iya dafawa. Ran na huɗu na yi ɗanwake. Likita ta ce in yawaita wake da ganye da nono, ni kuwa na riƙa ci kamar mai ramuwar gayya. Ba zan ce na warke ba, akwai safiyar da buhun yake dawowa ƙirjina da nauyinsa duka. Amma ko a irin wannan safiyar nakan tashi in ja layi a kalanda.

Kwano takwas na mayar. A Juma'a ta biyu Inna ta aiko a kira ni, ta ce in ban zo ba ita za ta zo da tukunyar.

Na tarar da tsakar gida cike. Mata sun kai ashirin, wasu daga Augie ma suke zuwa, kowace ta riƙe kofinta ta zuba mini ido. Labarin kwanon da ake mayarwa ya riga ya zagaya unguwa. Inna ta sauko da koren kofina daga ƙusa, ta cika shi, ta miƙo.

"Amshi ki sha gaban mutane, maganar ta ƙare."

"Ba ni sha, Inna."

Wata tsohuwa ta yi salati a hankali. Inna ba ta sauke hannu ba.

"Shekara talatin ina wanga aiki. Wa nik kashe? Yau ɗiyar da nih haihwa ita ka nuna ma gari hannuna dahi na?"

"Ban ce dahi ba na. Wata bakwai nis sha, ba musu. Ki dube ni, Inna, ki hwaɗi gaskiya, na samu sauƙi?"

Bakina na da ya dawo, kuma ban yi niyyar mayar da shi ba. Na juya wajen matan.

"Ku da kuka kallo, ku ji da kyau don kada a ƙara muku gishiri a hanya. Ba aljannu ba na, ba sammu ba na, ba datti ba na. Ciwon damuwa ad da ni, ina shan magani nai. Kuma ranar Laraba ta uku daga yau za ni Birni da bayan gidana cikin kwalba, yadda Allah yay yi shi."

Wata ta toshe baki da mayafi, ban sani ba ko dariya ce ko kunya. Inna ta ce, murya ƙasa-ƙasa, in na fita ƙofar nan ban sha ba, kada in sake tsammanin ƙafarta a gidana. Wannan ta soke ni, don ban taɓa jin ta faɗa wa ɗayanmu haka ba.

"Ke kinka haihe ni, ban musa ba," na ce. "Amma cikin ga ni ka kwana da shi."

Na fita. Ban waiwaya ba, don na san in na ga fuskarta zan koma in shanye.

Kwana goma sha takwas ba ta aiko ba, ban je ba. Tuwo ya daina zuwa. Nu'uman ya yi ta zarya tsakaninmu yana kai gaisuwar da ba wanda ya aike shi, har na ce ya huta. A cikin kwanakin nan na jiƙa shanshera kwano goma, na turara, na shanya, ba ta yi tsiro ba. Na so ƙwarai a ce Inna ta gani.

Ranar Talata, ana gobe tafiya, da hantsi, na ji sallamarta a ƙofa. Ita da ta ce ƙafarta ba za ta sake takowa ba, ga ta da ƙwarya rufe da faifai. Ta rame. Ta zauna a tabarma ba tare da na shimfiɗa mata sabuwa ba, ta buɗe. Fura ce da nono, irin waccan sak.

"Na san mi ki ka tunani," ta ce.

Ta ɗauki ludayi ta cika ta sha. Ta sake cikawa ta sha. Ta sha na uku, ta goge baki da gefen zane, ta juyo mini da ludayin. Uwata, wadda ta tauna abinci ta sa mini a baki, yau ita ce take ɗanɗana fura a gabana don in yarda ba ta zuba mini komai ba. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Hannuna har ya tashi zai karɓa.

Sai na tuna layukan kalanda, ashirin da bakwai, da yadda na ja kowanne.

"Inna, cikinki ya saba da hilasko. Ko tukunyar kinka shanye ba shi motsi."

"Ba komi cikinta, Mubina."

"Wataƙila. In na dawo gobe in sha."

Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta mayar da faifan, ta tashi ta ajiye ƙwaryar a gindin randa inda ya fi sanyi, ta ce Allah shi kiyaye hanya, ta fita.

Laraba da safe na yi abin da cokalin nan ya zo yi, na rufe kwalbar, na sa ta a ƙaramar kula da ƙanƙara kamar yadda aka ce. A motar Birni aka cusa mu huɗu a baya. Wani mai ƙaton ciki da ke kusa da ni, ɗan kasuwar kifi, ya bi ya danne ni, sannan ya dami kansa da kular da na rungume.

"Hajiya, mi anka ɗauko haka awa zinari?"

"Bayan gidana na. Likita ka biɗar shi."

Daga nan har Birni ban sake jin matsi ba, ya manne da ƙofa ya bar mini wuri har da na miƙe ƙafa.

Likita Asiya ta tambaye ni ko an sha wani abu. Na ce ko ɗigo. Ta karɓi kwalbar, ta manna mata lamba, ta sa a firji cikin 'yan uwanta. Ta ce sakamakon zai ɗauki lokaci, kuma ba da sunana zai fito ba. Duk abin bai fi minti biyar ba. Na tsaya ina kallon ƙofar firjin, na ji wani daɗi da na manta irinsa. Ta auna ni, ta ce na ƙara kilo biyu, ta sake rubuta mini ƙwayar wata guda.

Na iso gida bayan azahar. Ƙwaryar tana nan a gindin randa. Furar ta yi tsami har tana kumfa, na zauna na shanye ta duka kamar yadda na yi alkawari, sannan na jira. La'asar ta yi, cikina shiru. Rana ta yi sanyi, shiru. Babu komai a ciki. Gaskiya Inna ta faɗa, ta tako har gidana ta karya maganarta, ni kuwa na mayar da ita da ludayi a hannu.

Na tafi gidanta, na same ta a tsakar gida tana tsince ganyen filasko na Juma'a a faranti. Na durƙusa na gaishe ta.

"Na sha hurar, Inna. Ba komi cikinta."

"Na sani. Ni nid dama ta."

"Ki gahwarce ni."

Ta ci gaba da tsinta, ba ta ɗago ba. Can ta ce, "In anka maishe ki jiya, kina sha?"

Na so in yi mata ƙarya, kalma ɗaya ce kawai. Amma na gaji da haɗiye abin da ba na so don a zauna lafiya.

"Ba ni sha, Inna."

Ta gyaɗa kai a hankali. Ta ture farantin, ta dafa gwiwa ta miƙe, ta nufi madafa. Ta sauko da koren kofina daga ƙusarsa, ta ɗauraye shi sau biyu, ta goge da zanenta, ta sa mini a hannu.

"Tahi da shi gida," ta ce. "Ki riƙa shan ruwa."